Kambun da Babu Aya a Cikinsa

Unguwar Rogo,
Sakkwato.

Zuwa ga Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune lafiya cikin mota, ba tsaye a bakin hanya kuna tura ta ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sauke ka Kalaba lafiya, Ya sa ka shiga bautar ƙasar nan da ƙafar dama. Na cusa ta ƙarƙashin kilishin da Innarka ta ƙulla maka, don na san ɗana, ba za ka wuce Talatar Mafara ba sai hannunka ya kai wurin. Rubutun kuma ka yi haƙuri da shi. Aji biyu na yi a sakandare aka sallame ni cikin mutunci, ga ido ya gaji, ga yatsan riƙon biro a naɗe.

Yatsan nan ma shi ne mafarin zancen. Shekaranjiya ka gan shi da bandeji ka tambaye ni, na ce maka akuya ce ta cije ni, tana rama wa danginta da na ƙare rayuwata ina ɗinkin fatarsu. Ba ka yi dariya ba. An daɗe rabonka da dariyar maganata, kuma ban ga laifinka ba. Ni kaina na fara gajiya da jin ta.

Ga abin da ya faru. Da hantsi ina zaune a rumfa, babu mai saye babu mai tayawa, don yanzu kowa takalmin roba yake so, sai na naɗe hannun riga na kwance kambun nan da ka tsana, na ɗauko wuƙar yankan fata na shiga farke ɗinkin. Tabarau na baro shi gida, wai har yanzu ina ganin yana tsufar da ni. Ɗinkin kuwa nawa ne na ƙuruciya, lokacin da hannu ke da ƙarfi, ya ƙi farkuwa. Da na samu 'yar kafa sai na yi abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba: na zura babban yatsa ciki ina lalube. Fil ɗin da ya yi shekara da shekaru a duhu yana jirana ya shige ƙarƙashin farce. Na kwarma ihun da ya sa Garba mai takalmi, maƙwabcin rumfata, ya yar da guduma ya rugo.

"Mi yas same ka, Ummaru?"

Na ce, "Kambu yac cije ni."

Ya ja da baya yana salati, ya ce, "Ai na daɗe ina hwaɗi, abin ga shina da rai!"

Shi ya goya ni a babur zuwa asibitin unguwa. Wata malamar jinya, yarinya sa'arka, ta ce ƙarfe mai tsatsa sai allura. Yatsa ya yi laifi, mazaunai suka sha hukunci. Da gefe ɗaya nake zaune nake rubuta maka wannan.

Ka ji na ce fil. Eh, fil. Babu aya a cikin kambun nan, babu hatimi, babu gashin kura, babu rubutun kowane malami. Bajo ne na gwangwani, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji. Shi nake ɗaure da shi a damtse tun kafin in auri Innarka.

Na san ranar da abin ya shiga tsakaninmu. Hutunka na farko daga jami'a, ina alwala a tsakar gida hannun riga a naɗe, ka durƙusa kusa da ni ka ce, "Baba, don Allah mene ne a cikin abin nan?" Na ce maka lambar wayar aljanina ce. Ka ce, "Baba, ba wasa nake ba. Tsoro nake ji maka, kada a tambaye ka ranar gobe." Na ce in an tambaye ni zan ce a tambayi ɗana, shi ya yi jami'a. Ka miƙe ka tafi, ba ka sake tayar da maganar ba.

Ka ɗauka ban lura da abin da ya biyo baya ba. Duk ranar da liman bai zo masallacin ƙofar gidanmu ba, ni ake turawa gaba, don furfura ba don karatu ba. Ina sallamewa sai in waiga, in ga gurbinka a sahu wani ya cike shi. Can sai in hango ka kana dawowa daga masallacin bakin titi, kanka a ƙasa. Ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba. Da ma ka yi, da ya fi mini sauƙi. Sunan Babana aka sa maka, shi ya sa bakina ba ya iya kiran sunanka sai Malam Ƙarami. To ka duba, mutum ya waiga ya ga ubansa ya ƙi bin sa salla. Ba na so ka yi shekara guda a bakin teku da wannan a zuciyarka, ni ma ba zan iya shekara da shi a tawa ba. Saboda haka gyara zama ka ji, ka rage cin kilishin, tafiyar da nisa.

Ina saurayi, gwamnati ta kawo waɗansu ɗalibai daga ƙasashen can kudancin Afirka da Turawa suka ƙi saki, aka rarraba su makarantu, 'yan kaɗan suka faɗo Sakkwato. Wata Asabar ɗayansu ya shigo rumfar Baba a tsohuwar kasuwa, takalmi a hannu igiyarsa ta tsinke, yana ɗaga ƙafa kamar zakara a kan garwashi, don rana ta gasa ƙasa. Dogo ne siriri. Sunansa Petrus, kafin la'asar kasuwa ta mayar da shi Bitrus. Da yake ni ne ɗan bokon rumfa, Baba ya ce, "Ummaru, taho ka yi muna Turancin da anka sai da akuya dominai." Na yi abin da ya sawwaƙa. Rabin abin da ya faɗa ban gane ba, amma na gyaɗa kai a kan dukkansa.

Daga nan kowace Asabar yana nan kan bencinmu. Ya sha fura ya ɓata fuska, bayan wata biyu shi ke tambayar ina mai furar. Ya koyi Hausa a bakin dukawa, ka san irin Hausar da za ta fito. Kirista ne, amma naman layya da shi muke ci, kakarka har kwanonsa daban ta ware. Ba ya yawan zancen gida. Rana ɗaya ce ya buɗe baki. Ya ce da ƙafa suka tsallake iyaka, shi da 'yan ajinsu, bai yi sallama da uwarsa ba. Yayansa ya shiga daji wajen masu yaƙin ƙwatar ƙasa. Uwar ba ta san ko yana raye ba, kuma ba shi da halin rubuta mata, don takardar za ta iya jawo sojoji ƙofar ɗakinta. Ya gama ya yi shiru yana kallon ƙasa.

Ka san abin da ubanka ya ce? Na ce, "To ai ka huta da aike."

Ya yi dariya, don kada in ji kunya. Sai da na haifi 'ya'ya na gane irin dariyar da ya yi. Malam Ƙarami, in mutum ya sauke maka kayan zuciyarsa ya yi shiru, shirun nasa ne, ka bar masa abinsa. Ba kowane rami ake cikewa da wasa ba. Kai ban ji maka tsoron wannan sosai ba, don kai wasa sai an roƙe ka. Amma wa'azi ma yakan cike ramin da bai kamata ba, kamar yadda wasa ke yi. Ka kula.

Bayan wannan ne ya ciro bajon daga ƙirjinsa ya ba ni. Zagayayye ne kamar murfin kwalbar man shafawa, shuɗi da ja da kore, da hannu a dunƙule a tsakiya, da rubutun Turanci a kewaye mai cewa a bar Namibiya ta mulki kanta. Ya ce, "Ummaru, a makaranta kowa ya ji labarina har ya gaji. Nan rumfarku Turawa suna zuwa sayen timtim, matashin nan na fata, manyan ma'aikata suna zuwa. Ka sa shi a nan. Aikinsa ɗaya ne, mutum ya gani ya tambaya. In ya tambaya, ka ce masa akwai wata ƙasa da har yanzu ba ta kwana lafiya."

Na ce, "An gama." Ban tambaye shi ina ƙasar take ba, ko su wa suka danne ta, ko tun yaushe. Ɗan boko ai ba ya tambaya a gaban dukawa.

Na sa bajo na shiga gari ƙirji a gaba. Da shi na riƙa zuwa zance Ƙofar Kware wurin Innarka. Ta ce, "Wanga murhin gwangwani hwa?" Na ce lambar 'yan gwagwarmaya ce, ba kowa ake ba ba. Har gobe tana cewa ta aure ni ne duk da shi, ba saboda shi ba.

Ana nan wani Bature mai aikin ruwa ya zo da direbansa sayen timtim. Ya daɗe a ƙasar nan, ya fi iya Hausa a kan yadda na iya Turanci. Ya sunkuya ya karanta ƙirjina, ya dube ni, ya ce cikin ladabi, "Ka san inda Namibiya take?" Baba yana nan, Garba yana nan, rabin layin dukawa sun miƙo wuya. Ga tambayar da aka yi bajon dominta ta zo har rumfa. Sai na ɗaga hannu na nuna arewa, na ce, "Bayan Birnin Ƙonni ce kaɗan, in ka wuce Tawa."

Baturen bai yi dariya ba. Direbansa ne ya yi, har ya dafa mota. Baturen cewa kawai ya yi, "Kudu take, da nisa ƙwarai. Ka tambayi wanda ya ba ka." Ya biya ya tafi. Kafin azahar sunana ya koma Jakada. In na gifta sai ka ji, "Jakadan Bayan Ƙonni, a sauka lahiya!" Garba kuwa kullum sai ya leƙo ya ce, "Jakada, in za ka ƙasarku ka riƙo muna cuku."

Maganin abin nan yana nan a kan bencinmu kowace Asabar, yana shan fura. Tambaya ɗaya ce. Ban yi ba, don tambayar za ta nuna wa Bitrus cewa watannin da na yi ina gyaɗa masa kai, iska nake gyaɗa wa. To ga shawarata, kuma da tsada na saye ta: "ban sani ba" ba ta taɓa kashe kowa ba. Za su ba ka aji ka koyar a can, yara za su tambaye ka abin da ba ka sani ba, za ka ji hannunka yana ɗagawa zai nuna Ƙonni. Ka riƙe shi. Kuma duk abin da za ka maƙala a ƙirjinka, na addini ne ko na siyasa ko na tausayin wata ƙasa, kada ka fita da shi sai ka iya amsa tambaya uku a kansa ba tare da ka yi gumi ba. Mutanen da ke cikin wahalar ba ado suka aiko maka ba.

Yanzu ga ni tsaka mai wuya. In cire bajo in jefa akwati, na karya alƙawari, kuma Asabar tana tafe. In bar shi a ƙirji, kasuwa ta cinye ni. Sai dabarar dukawa ta faɗo mini. Kai ba ka zauna rumfa ba, bari in gaya maka ƙa'idar sana'armu. In an kawo wa baduku rubutun malami a naɗe, ba ya buɗewa, ba ya tambaya, rufewa kawai zai yi. In an rufe an ɗaura, shi ke nan, duk garin nan babu mai tare ka ya ce me ke cikin layarka. Ko matarka sai ta yi shekara tana kewaye-kewaye. Kai ne mutum na farko da ya taɓa tambayata kai tsaye.

Baba ya tafi jana'iza, na samu rumfa ni kaɗai. Na zaɓi jar fatar akuya mai laushi, na jiƙa ta, na yi wa bajon matashi da auduga don ya fito da kusurwa huɗu kada zagayensa ya tona ni, na ɗinke da basilla ƙanana-ƙanana, na kitsa masa igiya, na shanya ya bushe ya ɗame. Wallahi ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kafinsa ko bayansa. Na ɗaura a damtse na saki hannun riga. A lissafina ban karya alƙawari ba, ai yana jikina. Abin da aka yi don a gani a tambaya, na mayar da shi abin da ba a gani kuma ba a tambaya, na kuma yaba wa kaina da wayo.

Asabar Bitrus ya zo. Idonsa ya sauka a ƙirjina, na ga fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "Ina yake?" Na ja shi gefe na naɗe hannun riga. Na riga na shirya ƙaryata, zan ce gumi ne ke sa shi tsatsa. Ban kai ga buɗe baki ba ya kai hannu ya shafa fatar a hankali. Ka tuna ya yi Asabar da yawa a kan bencin nan. Ya sha ganin Baba yana alwala kafin ya taɓa rubutun malamai, ya ga yana bisimilla kafin ya soka basilla. Ya san irin abin da muke rufewa da fata.

Ya ce, "Ummaru, inda kuke sa maganar Allah, nan ka sa ƙasata?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "In na koma na tarar da uwata da rai, zan gaya mata. Zan ce a Sakkwato akwai mutumin da ya yi mana haka."

Ni da bakina ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ranar na yi shiru. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka tawali'u ne.

Dariyar kasuwa ta yi mini ciwo wata biyu ta warke. Godiyar Bitrus har yau ba ta warke ba. In aka zage ka a kan abin da ba ka yi ba, za ka kwana ka tashi. In aka gode maka a kan abin da ba ka yi ba ka karɓa, ka ɗauki kayan da babu inda ake sauke shi. Duk ranar da hakan ta same ka, ka mayar wa mai ita godiyarsa nan take, tun tana da zafi, ko da za ka ji kunya. Gobe ta fi yau wuya, jibi kuma ba ta yiwuwa.

Da ya gama makaranta aka ɗauke su zuwa wata ƙasar. Ya zo sallama, Baba ya ba shi sabon takalmi da 'yar jakar fata ya kai wa uwarsa. A bakin rumfa ya dafa damtsena daidai kambun ya ce, "Ranar da ka ji a rediyo mun samu ƙasarmu, ka farke shi. Ka sa a ƙirji yini ɗaya a kasuwa. Wanda ya tambaya, ka ce kana da aboki a can." Na ce in sha Allahu. Tun daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ranar kuwa ta zo. Ina rumfa da 'yar rediyona na ji an ce Namibiya ta samu 'yanci, an sauke tutar waɗanda suka danne su an ɗaga tasu. Na ji daɗi har cikin raina, kada ka ce ban ji ba. Na ɗauko wuƙa. Amma kafin lokacin kambun ya riga ya yi suna. Wata rana saniya ta ƙwace wa mahauta ta biyo layinmu a guje, ta tarwatsa rumfa uku, ta zo gabana ta tsaya ta juya. Ni na san tsoro ne ya hana ni gudu, ita kuma ƙila warin jima ne ya kore ta. Amma hannun rigata ya zame, an ga kambu. Shi ke nan. Aka ce maganin ƙaho ne, aka ce na ƙarfe ne, aka ce na kasuwa ne. Ni kuma na riƙa hura wutar da wasa. Wanda ya ce in kai shi wurin malamina sai in ce ya rasu, can bayan Ƙonni. Aka daina ce mini Jakada. Mutumin da ake yi wa dariya ya zama mutumin da ake shakka, kuma abin ya yi mini daɗi.

Na dubi wuƙa, na dubi Garba yana ƙusa takalmi, na tuna cuku. Na ce gobe. Goben nan ita ce ta haife ka, ta yaye ka, ta kai ka jami'a, ga shi yau ta sa ka a mota.

Da na fara takardar nan niyyata in ce maka ka yi kuskure, tunda babu komai a ciki sai gwangwani. Amma allurar nan ta hana ni barcin rana, na samu lokacin tunani. Ka ji mini tsoron dogara ga wanin Allah. To na dogara da shi mana. Ba don ya tsare ni daga ƙarfe ko ƙaho ba, don ya tsare ni daga dariyar mutane. Ka gano cutar, sunanta kawai ka kuskure. Sai dai kai ma ga naka, tunda uba ne ke magana: sau ɗaya ka tambaya, aka ba ka amsar banza, ka yanke hukunci a kan fata ba ka ga ciki ba. Tsoho mai yawan wasa, sau da yawa wani abu yake zaune a kai. Ka riƙa tambaya sau biyu, sau uku, kafin ka canza masallaci.

Akwai abin da ban gaya maka ba game da asibitin. Da yarinyar nan malamar jinya ta gama sokata ta ce in nuna mata ƙarfen da ya ji mini ciwo. Na ciro bajon daga aljihu. Tsatsa ta ci rabin rubutun, amma hannun yana nan a dunƙule, sunan ƙasar ma yana karantuwa. Ta jujjuya shi ta ce, "Baba, ina ne Namibiya?"

Ka ga aikin bajo. Rabin sa'a da fitowarsa daga fata har ya kama aiki. Wallahi na ji hannuna na dama yana motsi zai yi arewa. Na danne shi da na hagu na ce, "Ban sani ba, ɗiyata. Kudu dai anka ce." Ƙasa ba ta tsage ba, rufin asibiti bai faɗo ba. Ta ciro waya ta latsa, muka sa kai tare. Ga ta can ƙasa, a bakin teku, rairayi ya cinye gefenta guda. Garba ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ashe da nisa. Shi ya sa cukun bai iso ba." Bai san komai ba tukuna, yana tsammanin bajon wani sirri ne daga cikin sirrin kambu. Yau zai sani.

Inda za ka, kai ne Bitrus. Za ka shiga da takalmi a hannu, ba ka jin yarensu, abincinsu zai ɓata maka fuska. Wani zai ba ka benci. Wani zai ce Sakkwato a bayan Makka take, ko ya yi maka wasan da bai dace ba a kan mutanenka. Kada ka yi fushi da wuri, ƙila irin ubanka ne, zuciyar ba ta da laifi, kan ne babu taswira. Ka zauna ka yi masa bayani ko bai tambaya ba, don wataƙila kunya ce ta hana shi. Ka riƙe sallarka a fili, ka riƙe sunan garinku a fili. Abin da kake ba abin rufewa da fata ba ne. Ka kira Innarka duk Juma'a, kai kana da halin kira.

Fatar kambun tana nan cikin ambulan ɗin, ka zazzage za ka gani. Ka buɗe ta da kyau, ka duba da idonka, babu komai sai auduga da zoben tsatsa. Ka lura da ɗinkin kuma, don ka san ubanka ya taɓa iya wani abu. In ka ga dama ka jefa ta a teku. Bajon yana wurina, na sayo masa sabon fil.

Na san yadda abin zai kasance. Tsoho da furfura, ya fito yana neman 'yancin ƙasar da ta daɗe da samun abinta, kamar mai kiran sallar asuba da hantsi. Za a tambaya, kuma wanda duk ya tambaya sai na ba shi labarin daga farko, da Ƙonni, da saniya, da malamin da bai taɓa rayuwa ba balle ya rasu. Jakada zai dawo, kuma wannan karon har kabari. Na gaji, Malam Ƙarami, amma gajiyar ɓoyo ta fi.

Wanda ba zan iya gyarawa ba shi ne na tsohuwar nan, uwar Bitrus. In ya same ta da rai, to ya gaya mata, ta kuma tafi kabarinta tana ganin akwai wani mutumin kirki a Sakkwato. Abin da ya rage mini shi ne in sa su inda ya ɗauka na sa su tun farko. Na fara tun shekaranjiya, bayan kowace salla ina cewa Allah Ya sa ya same ta da rai. Na san an daɗe da yanke wannan hukunci, addu'ata ta makara kamar mai ita. Kai ne malami, in ka dawo ka gaya mini ko ana karɓar irinta. Za ka same ni a masallacin ƙofar gida. In ba ka iya tsayawa bayana ba, ka shige gaba, ni in tsaya bayanka, duk ɗaya ne a wurina, in dai sahu ɗaya ne ko kusa da shi.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na baki. Allah Ya haɗa ka da masu ba baƙo benci. Ya ba ka lafiya da haƙuri, Ya dawo mana da kai muna raye, Ya yi maka albarka duniya da lahira. Innarka tana gaishe ka, ko da yake yanzu haka tana ɗaki tana kuka tana cewa hayaƙi ne.

In ka ga na yi saurin barin tasha ban tsaya motarku ta ɗaga ba, kada ka ɗauka wani abu ne. Kasuwa za ni. Yini ɗaya Bitrus ya nema, kuma har yanzu ban biya ba.

Naka mahaifi,
Ummaru Baduku,
Jakadan Bayan Ƙonni.